Jawabin Bikin Cikar Ƙungiya: Damfarar Waya Ta Iso Rumfunanmu



A da, fatake daga Djougou zuwa Kano ɓarawon hanya suke tsoro. Na yau a waya yake, mutanen Kotonu suna ce masa gayman. Zai turo saƙon bogi kamar na MoMo, ya kira yana magiya wai kuskure ya yi, a mayar masa. Kafin ka tura ko dala, duba abin da ke asusunka. Lambar sirri kuma ko wanda ya ce daga MTN ko Moov yake, kada a faɗa masa.

Gwamnati ta yi nata. Tun 2018 akwai dokar harkokin intanet, akwai kotun CRIET da ke ɗaure 'yan damfara.

Abin da ya fi damuna shi ne aron katin shaida. Yaro ya zo rumfarka a Arzeke, ya ce, "Baba, ara mini in yanki layi," kunya ta hana ka ƙi. Ranar da aka yi damfara da layin nan, sunanka 'yan sanda za su gani, kai za su fara nema. Alhaji, wa zai sake ba ka kaya bashi a Malanville?

Wanda aka cuta kada ya ɓoye don gudun dariya. Kada ya goge saƙon, ya kai shi komisariya a ranar, ya kuma ba sakatare lambar a sanar da 'yan'uwa na Parakou da Djougou kafin a kira wani.

Allah ya tsare mana dukiya.