Jinyar Iyaye: Nauyin da Ba Ya Sauka Sai da Tsari

 

Shekara da shekaru muna haɗuwa a nan muna tattauna batun rijiyar burtsatse, da rufin ajujuwa, da hanyar da ke yankewa kowace damina. Bana mun ga ya dace mu leƙa cikin gida, mu duba wani al'amari da ba a cika kawo shi gaban taro ba, alhali babu gidan da ya tsallake, wato jinyar iyayenmu tsofaffi. Allah Ya umarce mu da kyautata musu a aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i, kuma ba mu zargin kowa a nan da rashin niyya. Niyyar tana nan, sau da yawa kuɗin ma suna nan. Abin da muka rasa shi ne tsari.

Bari mu kawo abin da muka gani da idanunmu. Wata dattijuwa a unguwarmu tana fama da hawan jini, 'ya'yanta biyar duk suna birni. Babban ya kai ta asibiti a Kano aka rubuta mata magani. Bayan wata biyu ƙanwarsa ta ɗauke ta zuwa Kaduna, ba a tafi da takardun farko ba, wani likitan ya rubuta nasa. Ta dawo gida tana shan duka biyun, ashe magani ɗaya ne, sunan kamfani kawai ya bambanta. Jininta ya sauka ƙwarai, jiri ya kwashe ta a tsakar gida ta karye a ƙugu, ba ta sake taka ƙafarta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Yau da ƙyar 'ya'yan nan suke gaisawa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ga shi kuwa babu wanda bai yi ɗawainiya ba a cikinsu.

Saboda haka shawararmu ta farko ita ce littafi. Mu da muka yi aikin makaranta mun san cewa makarantar da ba ta da rajista ba ta san wanda ya zo ba balle wanda ya tsere. A sayi littafin rubutu guda, a ajiye shi kusa da shimfiɗar majinyaci. A shafin farko a rubuta cututtukan da likita ya tabbatar, da lambar katin asibiti, da magungunan da jikinsa ba ya karɓa. Daga nan a jera kowane magani da sunansa na asali, da yawan da ake sha, da lokacin sha. Duk ranar da aka auna jini ko suga a rubuta. Idan awon jini yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko ya zarce, a sanar da likita, kada a ƙara ƙwaya ko a rage da ka. Jiƙo da sassaƙen da ake ba shi su ma a rubuta su, domin akwai waɗanda ba su jituwa da maganin asibiti. Duk inda za a kai shi, littafin nan da ledar magungunansa su bi shi.

Na biyu, a naɗa jagora guda. Ba dole ne ya zama babban ɗa ba, ko wanda ya fi kowa kuɗi. A zaɓi wanda ya fi natsuwa da samun sukuni, shi ne zai riƙa magana da likita, shi ne zai tuna ranar komawa asibiti, ta hannunsa kuma kowane sabon magani zai bi. Tun da yanzu akwai waya, a buɗe zauren WhatsApp na jinya kaɗai, jagora ya riƙa ɗaukar hoton shafin littafin yana turawa kowane mako, don na Legas ya san abin da na gida ya sani.

Na uku, a raba aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ya ɗauki kuɗin magani, wani abinci, wani mota ranar asibiti. A tsara ziyara bi da bi a kan kalanda, maimakon kowa ya taru da Sallah sannan gida ya yi tsit wata goma. Kuɗi kuwa a tara su wuri ɗaya a farkon wata, a ajiye rasiɗi, a karanta lissafi ga kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mafi yawan tsagewar da muka sasanta a garin nan daga kuɗin da ba a rubuta ba ta faro.

Na huɗu, a koya wa na gida abin da ya kamata su sani. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a tsane jikinsa, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Idan aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya harɗe farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti nan take ana addu'a a hanya. Lambar mai motar da za a kira da tsakar dare ta kasance a bangon littafin. Mai ciwon suga kuwa a kai shi ga likita kafin azumi ya kama.

Na biyar, wanda ya fi damunmu, shi ne hakkin mai jinya. Mu faɗi gaskiya: wanki da wanka da kwanan zaune duk suna kan mace guda, ko matar ƙaninmu ko 'yar'uwarmu da aurenta ya mutu. Mu kuma mu sauka daga mota da tsaraba, mu kwana biyu, mu fara tambayar me ya sa Inna ta rame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A saurare ta, a ware mata wani abu nata na kanta a cikin lissafi, a samo mai karɓarta ko da yini ɗaya a mako, ita ma a duba lafiyarta. Idan ta kwanta, majinyata sun zama biyu.

Haka nan kada mu manta da shi kansa majinyacin. Tsufa bai ƙwace masa hankali da girma ba. A yi shawara da shi kafin a ɗauke shi zuwa birni, domin da yawansu sun fi son su ji kiran sallar masallacin da suka saba.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiya da ta ɗauki abu biyu. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta yi tanadin asusu domin masu rauni, har da tsofaffi, kuma jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. A kafa ƙaramin kwamiti ya binciko yadda za a yi wa dattawanmu rajista. Sa'an nan a sayi kekunan guragu da sandunan dogarawa da na'urar awon jini, a ajiye a ofishin ƙungiya ana ba da aro, wanda ya gama ya mayar.

'Yan'uwa, yaranmu suna kallon yadda muke riƙon iyayenmu, kuma darasin da suka ɗauka da shi za su riƙe mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.