Abin da Za Mu Kai Ɗakin Amarya: Jawabin Malamin Lakwal a Taron Ƙungiya



Iyayena dattawa, malamai, shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku ƴan'uwa da kuka taso daga Damagaram, Yamai, Agadas da Kano domin wannan taro, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa. Yaro ba ya tsayawa gaban manya ya yi dogon zance sai da izini. Shugaba ya ba ni, in kuwa na yi kuskure sai a gyara mini.

Maganar da aka ce in yi ita ce ta gudummawar aure. Kowa ya sani da an kai hatsi rumbu sai bukukuwa su taso, kuma bana ma akwai ƴaƴanmu da aka sa wa rana. Al'adar ƙungiya ce a tara kuɗi a sayi wani abu a kai ɗakin amarya, ban da abin da kowane ɗan ci-rani zai aiko da sunansa. To ina so mu tsaya mu duba abin da muke saye, domin abin da aka jera wa amarya ran tarewa shi za ta yi aiki da shi shekara da shekaru, kuma a dajin garin nan da rijiyarsa za ta nemi abin da kayan ke ci.

Bari in fara da abin da nake gani a lakwal. Akwai ƴan mata a ajina da sukan iso bayan an buga ƙararrawa, ƙafafunsu fari fat da ƙura. In na tambaya sai su ce itace suka tafi. Dā ina yi musu faɗa, yanzu na daina, don na bi hanyar da kaina na ga inda suke kaiwa. Iyayenmu mata sun shaida mini cewa a zamanin ƙuruciyarsu bayan gari kawai ake fita a cika igiya a komo kafin rana ta yi zafi. Ni ba a haife ni ba lokacin yunwar 1973 ko ta 1984, amma ku da kuka gani kun san yawan itatuwan da suka mutu a tsaye. Abin da fari ya bari kuwa, gatari da murhu suna cinsa kullum safe da maraice.

Mu mutanen ƙasar Gure ba ma bukatar a kawo mana labarin hamada daga littafi. Duk wanda ya bi hanyar Gidigir ko ya gangara wajen Maine-Sorowa ya ga tuddan rairayi sun tsaya a kan kwaruruwan dabino, inda ake noman rani, inda ake ɗibar kanwa. Tun daga 2010 aka yi wani babban aiki mai suna PLECO a Gure da Maine-Sorowa, ana kakkafa shinge a kan tuddan domin a tsai da rairayi, sa'an nan a dasa itace a tsakani. Wasu daga cikinku sun yi wannan aiki da hannunsu, sun san wuyarsa. To ina amfanin mu kafa shinge a gabas, mu kuwa muna sare abin da ke riƙe ƙasa a yamma?

Shi ya sa na ce abu na fari da ya kamata a kai wa amarya shi ne abin da zai rage mata cin itace. Murhun duwatsu uku a fili, iska ce ke kwashe yawancin wutarsa, tukunya kaɗan take samu. Tun shekarun 1980 aka san murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a ƙasar nan, da na laka wanda ake kira Albarka. Hikimarsu ɗaya ce: a kewaye wuta, a bar mata ƙofa guda, tukunya ta zauna daidai bakin murhu. Maƙeri na iya ƙera na ƙarfen, amma sai a kai masa tukunyar amarya ya auna, don in murhu ya fi tukunya faɗi an yi aikin banza. A gidana mun gwada, ƙunshin itacen da ke kai mu kwana biyu yanzu yakan kai uku.

Na san wasu za su ce ai zamani ya wuce nan, a sayi gas. Gaskiya ne, tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a 2011 ana samun gas na ƙasarmu, kuma ƙaramar tukunya mai kilo 6, wadda ake ɗaura wa kan girki a bisa, kyauta ce mai kyau ƙwarai. Amma a yi tunani kafin a saya. Na shiga wani gida na tarar da tukunyar gas a ƙuryar ɗaki an shimfiɗa mata ƙyalle an ɗora rediyo. Ɗan'uwan amarya ne ya aiko daga Libiya aka saya, gas ya ƙare cikin ƴan makonni, ango ba shi da kuɗin cikawa, wurin cikawar ma sai an shiga mota. In ango ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa a cikin Gure, a ba su gas, a kuma zaunar da amarya a koya mata rufe shi da kiyaye shi daga zana da yara. In kuwa manomi ne a ƙauye, murhu ya fi masa. Wanda ya nace sai gas, to ya ɗauki alkawarin cikawa na shekara guda, mu rubuta a littafin ƙungiya.

Sai maganar roba. Yanzu in an kawo kayan amarya sai ka ga bokitin roba, kwandon roba, kujerar roba, tabarmar roba, har furen roba. Ranar biki suna da kyan gani, ban musa ba. Amma ranarmu ba ta jin tausayin roba. Bazara ɗaya ko biyu sai ta ƙone ta tsage, ba ta ɗinkuwa, ba ta ruɓewa, sai a jefa bayan gida. Ledar da aka ƙunso kayan kuwa iska ce ke rabawa, ta rataye a ƙaya, akuya ta ci. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin dabba. Ni kaina na rasa tunkiya ta haka, tana ta ramewa muna ba ta magani, sai da aka yanka muka ga dunƙulen leda kamar kan yaro. Akwai doka a ƙasar nan tun 2014 da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma ba doka ce za ta zo ta tsince mana bayan gari ba.

Ban ce a bar roba gaba ɗaya ba. Jarka dole ce ga mai ɗauko ruwa a kan jaki. Amma ruwan sha wurinsa randa. Randa tana gumi, iska na busar da gumin, ruwan ciki yana sanyi, ba lantarki ba ƙanƙara. Tukwanen Miriya sun yi suna a ƙasar Damagaram duka, kuma ranar da randa ta fashe ƙasa ta koma ƙasa. Haka tabarmar kaba, faifai, ƙwarya da ludayi. Kuɗin da muka saye su da shi yana shiga hannun tsohuwar da ta saƙa, ba ya ƙetare iyaka. Sai dai a nan ma akwai gyara: kaba ƴar goruba ce, in ana yanke ta ƙasa-ƙasa kowace shekara ba za ta taɓa tashi ta zama itace ba. Masu yanka su riƙa barin wasu.

Fitila mai aiki da hasken rana ba sai na daɗe a kanta ba. Ta fi tocila mai cin duwatsu, waɗanda yara ke fasawa suna wasa da baƙin cikinsu. A sayi mai ƙwari guda ɗaya, kada a sayi uku masu araha.

Iyayena mata, na ga kuna kallona. Na san abin da ke ranku: gori. Uwar amarya tana tsoron a shigo ganin ɗaki a fita ana cewa ƴar wance da randa da tabarma aka kai ta. Wannan tsoro ba wasa ba ne, na ga inda uwa ta sayar da awakinta duka, har ta ci bashi, domin a cika bango da kwanonin da ba za a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Ban zo in hana jere ba, ɗakin amarya ya kamata ya yi kyau, kuma kwanon samira da tukunyar dalma suna daɗewa, ana gadonsu. Amma gori yana kama mutum ɗaya ne. In ƙungiya ta tsai da magana cewa ga abin da take kai wa kowace amarya, ƴar mai kuɗi da ƴar talaka, ba wadda za a yi wa dariya. Mu ƴan ci-rani kuma mu ji tsoron Allah, mu ne muka koya wa gari auna kyauta da girman kwali.

Abu na ƙarshe shi ne itace mai rai. Tsofaffi na ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta a kan mai sare gawo, don an san gonar da ke da gawo ba ta rasa gero. A ƙasar Maradi da kudancin Damagaram, tun bayan 1984 manoma suka koma barin tsiron da ke fitowa daga kututture suna yi masa sassabe, har aka ƙiyasta itace wajen miliyan 200 sun tashi ta haka. Mu ma a ba kowane sabon gida dogon yaro na inuwa da zogale na miya. Wanda danginsa ke da wuri a kwari, a ba shi dabino, amma a ciro ɗan da ya tsiro a gindin macen da aka san ƴaƴanta, domin na ƙwallo ba a sanin namiji ne ko mace sai bayan shekaru. Ladan dashe kuwa ga malamai nan, sun fi ni sani.

A lura da lokaci. Bikinmu na kaka ne da rani, itacen da aka dasa a lokacin wahalar ban ruwa za ta kashe shi. Ran biki a faɗi alkawari gaban jama'a, a dasa in damina ta zauna, wajen 3 ga Agusta, ranar da ake dashen itace a ƙasar nan tun 1975. Kuma kada a kai dashe ba tare da abin kewaye shi ba, in ba haka ba akuya muka yi wa gudummawa. Ƴan ajina sun yarda su reni irin a lakwal, in ƙungiya ta saya mana bokitin ban ruwa biyu.

Shugaba, shawarata ke nan: a bukukuwan bana ƙungiya ta kai murhu, randa da alkawarin itace biyu, abin da ya rage a kuɗin a miƙa wa amarya a hannu. In dattawa sun amince, ina roƙon a zaɓi mata biyu su tafi kasuwa tare da ma'aji, don mu maza ba mu san randa mai kyau ba sai ta fashe.

 Allah ya sa albarka a auren ƴaƴanmu, ya mai da matafiya gida lafiya.