Tsohon Biron Gwamnati: Darasi Daga Dakar

Maganar yau ta shafi tsofaffin gine-ginen gwamnati, waɗanda hukuma ta tashi ta bari, 'yan kasuwa kuma suke hangen filayensu. Misalin da ya dace a duba yana Dakar, birnin da ya zama cibiyar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma tun 1902, inda daga can ne ake aiko wa gwamnan Nijar umurni.

A tsakiyar birnin, kusa da Majalisar Dokokin Senegal, a dandalin da ake kira Soweto, akwai wani gini da Nasara suka yi a farkon shekarun 1930. Sun gina shi da siminti, amma sun kwaikwayi fasalin ginin ƙasa na Jenne da Tumbutu. Aikinsa na farko shi ne biro: nan kumandan mai kula da Dakar da kewayenta yake zama da ma'aikatansa. Da mulkin mallaka ya kau a 1960, ana iya rushe shi don huce haushi, ana kuma iya raba shi ga manya. Hukumomin Senegal ba su yi ko ɗaya ba. Ginin, wanda tun kafin nan ya riga ya koma hannun cibiyar bincike ta IFAN da aka kafa a 1936, ya zama gidan kayan tarihi. A yau yana ɗauke da dubban kayayyaki daga ƙasashen yankin: sassaƙe-sassaƙe, saƙe-saƙe, ganguna da kayan ado. A 2007 aka sa masa sunan Theodore Monod, masanin da ya daɗe yana shugabantar cibiyar.

A cikin birnin nan dai akwai misali na biyu, mai ɗaci. Babban gidan shari'a na Kap Manuwel, wanda aka buɗe a 1958, alƙalai sun fice daga cikinsa a 1992. Ya yi shekara 24 ba mai aiki a ciki, iskar teku tana cinsa, sai a 2016 masu shirya bikin baje kolin zane-zane na Dak'Art suka share shi suka sake buɗe ƙofofinsa. Gini biyu, gari ɗaya. Na farko ya samu mai shi da aikin yi tun da wuri, na biyu an rufe shi ba tare da an yanke abin da za a yi da shi ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari. Damagaram ta riƙe babban birni daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai, kuma zamanin ya bar gine-gine a bayansa. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, maganar filaye da gine-ginen gari ta ƙara matsowa kusa da talakawa. A 2013 kuma Unesko ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, abin da ya nuna cewa tsohon gini dukiya ce.

Saboda haka abu uku ya wajaba. Kada ma'aikata su fice daga gini sai an san wanda zai gaje su. A rubuta kuɗin gyaran rufi da indararo cikin kasafin kowace shekara, domin damina ba ta jiran sa hannun minista. Idan kuma za a ba ɗan kasuwa haya, a yi shi a bainar jama'a, da takarda, da sharaɗin kada ya taɓa fasalin ginin.

Ginin gwamnati da kuɗin harajin talaka aka yi shi, har wanda aka gina zamanin Nasara, da guminsa da aikin tilas. Wanda ya bari ya rushe, dukiyar jama'a ya zubar. Allah ya sa a gyara.