Kifin Kiwo Da Gubar Da Wuta Ba Ta Kashewa



Yau maganar tukunyarmu za mu yi. Da yawanmu mun shiga kiwon tarwada, wasu a tanki cikin gida, wasu a kududdufi, sauranmu kuma saye muke yi. Ba cewa zan yi a daina ba, kifi na gina jikin yara. Amma kifi abin da ke cikin ruwansa da abincinsa yake ɗauka. In akwai guba irin dalma, zaiba ko arsenik, a hankali take taruwa a jikinsa. Ba ta wari, ba ta canza ɗanɗano. Dahuwa, suya ko banda duk ba sa kashe ta, don ba ƙwayar cuta ba ce.

Mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum, sanadin dakan duwatsun zinare a cikin gidaje. Can ta ƙura da ƙasa ta shiga jikinsu, amma gubar ɗaya ce. Ta hanyar kifi ma an gani: a garin Minamata na Japan, a 1956 aka gano cutar da ta nakasa mutane, har da jarirai tun suna ciki, saboda zaibar da masana'anta ke zubarwa a tekun da suke kamun kifi. Dalma na daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, mai ciki kuma tana miƙa wa ɗan cikinta. Arsenik in ya daɗe yana shiga jiki, yana ɓata fata, yana kawo sankara.

To me za mu yi?

Mai kiwo, kada ki ja ruwa daga ramin haƙar ma'adinai, ko kusa da bola, ko rafin da dattin masana'antu ke kwarara, irin kogin Challawa a Kano da ruwan majemu ke shiga. Abincin kifi ki sayi mai lambar NAFDAC. Kada ki yi banda da katako mai fenti, taya ko roba.

Mai saye, ki tambayi mai kifi inda ake kiwonsa da ruwan da ake zuba masa. Ba rainin hankali ba ne, kuɗinki ne, 'ya'yanki ne. In kin zo gyara, ki zubar da kayan ciki da jan abin nan na gefen kai da yake numfashi da shi. Hakan na rage gubar, amma bai gama da ita ba, gyaran na ainihi daga ruwa yake.

Shi ya sa shugabannin mata na mazaɓu, ku tattaro mana sunayen masu kiwo a unguwanninku. Mu je da murya ɗaya wurin kansiloli da 'yan majalisarmu, a riƙa gwada ruwan kiwo a ɗakin gwaji, don ido ba ya ganin wannan guba.

Ku tura wa 'yar'uwar da ba ta gani ba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.