Mai Zama Bayan Famfo: Karatu da Makomar Masu Sarrafa Injin Zuciya da Huhu

 

A ɗakin tiyatar zuciya akwai wani ma'aikaci da dangin majiyyaci ba sa neman yi wa godiya, don ba su ma san da zamansa ba. Yana gefe, bayan inji mai famfuna da bututan roba. Da zarar likita ya tsayar da zuciya don ya gyara ta, jinin majiyyaci kaf ta wurin wannan mutum yake bi: injin ya karɓe shi, ya cire masa gurɓatacciyar iska, ya ba shi oksijin, ya mayar da shi jiki.

Sana'ar ba ta tsufa ba. A ranar 6 ga Mayu, 1953 ne John Gibbon ya fara cin nasara da injin a Filadelfiya ta Amurka, inda ya toshe rami a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, injin yana riƙe da ranta tsawon minti 26. A Najeriya kuwa sai a 1974 aka fara irin wannan tiyata, a asibitin koyarwa na Inugu, tare da Magdi Yacoub.

Ɗalibin wannan fanni shi ne farkon shiga ɗaki, sau da yawa da sanyin asuba. Zai haɗa bututan, ya cika su da ruwa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa har kumfar iska ta ƙarshe ta fita, domin kumfar da ta kai ƙwaƙwalwa tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Sai a ba majiyyaci hefarin don kada jini ya daskare a cikin roba, a auna, ba za a hau famfo ba sai lokacin daskarewar ya haura daƙiƙa 400. Daga nan idonsa ba ya barin ma'ajin jini. Kusan lita biyar ke wucewa a minti guda, in ya yi sakaci sai ma'ajin ya ƙafe kafin ya ankara. Duk umurnin da likita ya bayar, zai maimaita shi da ƙarfi kafin ya aikata. Mai jin nauyin ɗaga murya gaban manya, to ya fara koyon wannan tun yanzu. Har juya famfo da hannu ake koya, saboda ɗaukewar wuta, kuma ba sai na yi muku bayanin amfanin wannan darasi a ƙasarmu ba.

To, ina makoma? Buƙata dai akwai ta. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yana lalata bawul ɗin zuciyar yara da matasa masu yawa a yankinmu. Irinsu ne suka riƙa cika Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta buɗe a Khartum a 2007, inda ake tiyata kyauta. Lokacin korona ma an nemi masu wannan ilimi ruwa a jallo, don sarrafa injin da ke hutar da huhu na kwanaki.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan aiki na hannu ne, hannun da ya daɗe bai taɓa famfo ba kuwa yana mantuwa. A Amurka ɗalibi ba ya zama jarrabawar ƙwarewa sai ya sarrafa injin a tiyata 75, a Ingila kuwa 150 ake nema. Mu a nan, cibiyoyi da dama sai baƙin likitoci sun zo ake tiyata ta 'yan kwanaki, su tafi, a lulluɓe injin. Kayan aikin sau ɗaya ake amfani da su a zubar, kuma da dala ake sayo su. Wanda ya kashe kuɗin iyayensa ya karanto a Indiya yana iya dawowa ya tarar da injin a kulle wata da watanni.

Saboda haka, ƙannena ɗalibai, kafin ku biya kuɗin kowace makaranta, ku tambaye su tiyata nawa asibitinsu ke yi a mako, kuma a cikinsu nawa ne ɗalibi zai zauna bayan famfo da kansa, malami na tsaye a kansa. In suka fara kame-kame, ku nemi wata. Wanda kuma yake da takardar jinya ko ta kimiyyar gwaje-gwaje, kada ya bari lasisinsa ya mutu, don da shi zai ci abinci a watannin da ba a tiyata.