ABIN DA AKE YI WA MAI RAUNUKA DA YAWA A ASIBITI

Jawabin yau ya shafi mutumin da aka kai asibiti da munanan raunuka fiye da ɗaya, kamar wanda ya yi haɗarin mota ko ya faɗo daga bene.

Sau da yawa dangi sukan fusata in sun ga likita ya ƙyale ƙafar da ta karye, ya koma yana duba bakin majiyyaci, yana sauraren ƙirjinsa, yana latsa cikinsa. Wannan ba sakaci ba ne. Abin da ke kisa cikin 'yan mintoci shi ne toshewar maƙogwaro, da huhun da haƙarƙari ya huda, da zubar jini. Saboda haka sai numfashi ya daidaita, an tsai da jini, sa'an nan a waiwayi ƙashi.

Jinin da ido ba ya gani shi ya fi haɗari. Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, amma karayar cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita 1 cikin tsoka, alhali ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Haka nan saifa takan fashe, ko jini ya taru cikin ƙoƙon kai, mutum yana zaune yana magana, har ya ce a mai da shi gida, bayan 'yan sa'o'i sai a ga ya sume. Shi ya sa akan ɗauki hoto, a yi ƙarin jini, a shiga tiyata. Wani lokaci likita yakan tsai da jini kawai ya dakata, don jiki ba zai jure doguwar tiyata ba, sai majiyyaci ya farfaɗo a ƙarasa aikin.

Wanda ya tsallake ranar farko da sauran aiki a gabansa, domin rauni yana iya ruɓewa, ƙoda kuma ta gaza. A nan ne wasu ke gajen haƙuri su ɗauke majiyyaci zuwa wurin mai ɗori. Ɗaurin da ya matse yakan hana jini gudu, gaɓa ta mutu, a dawo da shi ba abin yi sai yankewa. Alhali kuwa Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙashi a Dala ta Kano, da Igbobi ta Ikko, da Inugu.

Kada tsoron kuɗi ya sa a yi jinkiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. A kan hanya kuwa ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Kafin su iso, a danne inda jini ke fita da ƙyalle mai tsabta, kada a ba shi ruwa ko abinci, in kuma ɗaukarsa ta zama dole, a riƙe kai da wuya da baya a miƙe.