Man Birki Ba Ya Ƙarewa, Zuba Yake Yi



Akwai maganar da nake yawan ji a tasha, wai "motata tana shan man birki." Da ita zan fara, domin kuskure ce. Fetur ne inji ke ƙonewa. Man birki kuwa a rufe yake cikin bututu, aikinsa kawai ya ɗauki ƙarfin ƙafarka daga masta, wato babbar silindar birki, ya kai wa tayoyi huɗu, saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Yakan ɗan sauka kaɗan idan fatun birki sun cinye, amma in kana ƙara shi duk mako, to akwai inda yake bi yana fita.

Mu ɗauki Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, har yau kuma akori-kurarta na jigilar buhuna a ƙauyukanmu. Ƙarfenta na da dauriya, amma roba ba ta san dauriya ba. Zafi da ƙura da shekaru sun busar da duk robar da ke cikin birkinta.

Binciken ba ya buƙatar na'ura. Ka ajiye motar a kan siminti, ko ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ɗigon zai nuna maka sashen. Sai ka leƙa cikin kowace taya. Idan bayan gangar birki ya jiƙe, ƙura ta manne ta yi baƙi, a cire gangar a ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silindar. In mai ya fito, ka kama ɓarawonka. Daga nan a bi tiyon roba da ke kusa da tayoyi, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage ko ya kumbura, sannan a bi bututun ƙarfe har baya, musamman inda maƙalai suka riƙe shi, don nan laka ke kwana tsatsa ta ci. Wata alama kuma: man birki na cin fenti, duk inda ka ga fenti ya saɓule ƙarƙashin masta, ka tsaya nan.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne yoyon da ba ya taɓa ƙasa. Robar bayan masta kan mutu, man ya riƙa tsiyaya cikin tulun nan da ke sauƙaƙa taka birki, waje kuwa ƙaf a bushe. Ku kwance masta ku duba bayanta. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya: ka taka birki ka riƙe rabin minti. In ƙafarka na nitsewa a hankali alhali man bai ragu ba, robar cikin masta ce ke sakin mai. In kuwa ka ji laushi kamar soso, iska ce ta shiga.

Yanzu bari in taɓa mu, makanikai ku yi haƙuri. Dabaru biyu sun zama ruwan dare. Ta farko, a toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa a ce "lallaɓa ka kai gida." Gidan nan kan zama wata shida, motar na tsayawa da ƙafa uku, ran da aka taka da ƙarfi ta fizge gefe guda. Ta biyu, a zuba ruwan sabulu ko baƙin mai. Baƙin mai na kumbura robar birki har ta lalace gaba ɗaya. Ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa, alhali sabon man birki DOT 3 sai ya kai 205, DOT 4 kuwa 230. Ka tuna gangaren Hawan Kibo da kaya a baya: birki ya yi zafi, ruwan ya zama tururi, ka taka ƙafarka ta isa ƙasa. Ko man gaskiyar ma yana tsotsar laima daga iska, har DOT 3 ya faɗo wajen 140. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma ba na yarda da kwalbar da aka buɗe tun bara.

Gyaran kansa ba shi da tsawo. Tiyon da ya tsage da bututun da ya yi tsatsa canza su ake yi, ba a ɗaure su da robar tayar keke. Idan cikin silinda ya yi ƙuraje, sabuwar roba ba za ta jima ba, a sayi silindar ɗungurungum. Fatar birkin da ta sha mai ba ta wankuwa da fetur, a jefar, kuma a canza hagu da dama tare.

Sai fitar da iska, wanda aikin mutum biyu ne. A fara da tayar da ta fi nisa da masta. Yaro na ciki yana takawa, ya riƙe. Maigida ya buɗe notin fitar da iska, ya rufe, sannan yaro ya saki. A riƙa duba kofin mai kada ya ƙafe, in ba haka ba an koma farko. Kafin a ba direba makulli, a gwada motar a hankali cikin gareji, a sake leƙa kowane mahaɗi, gobe da safe kuma a sake shimfiɗa kwalin nan.